Noring Ta Hau Keke da Furfura

Noring ta haura shekara sittin ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba. Keke harkar mijinta ce. Tun Densio yana aikin gyaran wayar wuta a San Pablo, in an taso daga coci ranar Lahadi ko karin kumallo ba ya tsayawa yi. Sai ya sauya kaya, ya kifa hular kwano, su fice shi da abokansa. Ba ruwansu da kwalta. Hanyoyin burji da tsakuwa suke bi, waɗanda suka ratsa gonakin kwakwa tsakanin tafkuna bakwai da suke kewayen garin, inda mota ba ta shiga, sai dai ka yi kiciɓis da doki ɗauke da kwanduna. Noring ta yi mita har ta gaji ta bari.

Ciwon a hankali ya shigo. Wata rana ta sami sifana a cikin tukunyar shinkafa. Wata rana ya kira 'yarsu Divina da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Da suka je asibiti likita bai ɓoye musu ba, ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai riƙa yi. Abokan hawan suka yi ta haƙuri da shi na ɗan lokaci, daga baya suka fara fita ba sa biyowa ta ƙofar gidan. Ambo kaɗai bai daina zuwa ba, wani mai tumbi da yake sayar da abincin kifi a bakin kasuwa, wanda suka taso tare tun ƙuruciya.

Ran nan Noring ta dawo daga cefane ta tarar babu Densio, babu keke. Aka bazama nema, wasu tasha, wasu asibiti. Ambo ne ya ce su bar wahalar da kansu, ya ɗauki nasa keken ya bi ta cikin gonaki. A bakin tafkin Yambo ya same shi, zaune a kan gungumen kwakwa yana cin burodi, hankalinsa kwance. Har faci ya yi a hanya, ya liƙe abinsa tsaf.

Divina ta zo daga Manila a fusace saboda tsoro. Ta sayo sarƙa da kwaɗo ta ɗaure keken a jikin ginshiƙin baranda, ta damƙa wa uwarta makulli, ta koma bakin aikinta. Daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Densio ya wuni yana zagaya ginshiƙin, ya ja sarƙar, ya saki, ya sake ja. Abinci sai an yi da gaske. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya tsaya a tsakar gida ya ce mata ɓarauniya, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

Washegari ta je shagon Ambo ta ce ya koya mata keke. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ga ba wasa a fuskarta.

"Matar yaya, da wannan furfurar? In kika faɗi ai sai an kawo kwando a kwashe ki."

"Kai da kake hawa da wannan tulun a gaba ba ka fashe ba, ni ce zan fashe?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce ya ji. Shi dai gwiwarsa ta fara ba shi matsala, ga shago, ba zai iya raka Densio kullum ba, wannan ta sani. Ya samo mata wani keke mara tsayi mai faffaɗar taya, suka fara a filin ƙwallon unguwa da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ta faɗi ba adadi. Gwiwa ta goge, tafin hannu ya ɗaye, matan unguwa suna leƙe ta katanga suna ƙus-ƙus. Labari ya kai wa Divina, ta bugo waya tana cewa in Inna ta karya ƙugu wa zai yi jinyar mutum biyu. Noring ta bari ta gama, sannan ta ce mata ubanki yana mutuwa a tsaye a gindin ginshiƙi, ke kina can ba kya gani. Divina ta ce to, a riƙa ɗaukar waya in za a fita.

Ranar da ta buɗe kwaɗon, Densio ya jawo kekensa. Ya matsa tayoyin da babban yatsa, ya gwada birki, ya hau. Suka bi ta bayan makabarta, kwalta ta ƙare, tsakuwa ta fara ƙara a ƙarƙashinsu. Kan keken yana ta karkarwa a hannunta. Sai ta ji muryarsa daga gaba, irin muryarsa ta da, sarai ba gargada. Yana cewa ga rami a hagu, ga saiwa, a sassauta giya akwai hawa, kada a damƙe birkin gaba a gangara. Mutumin da a gida bai san inda banɗaki yake ba, a nan ko marararraba ba ta sa shi waiwaye.

Ba ta taɓa sanin akwai shiru irin wannan kusa da gidanta ba. Itatuwan kwakwa sun yi rumfa, rana tana ɗigowa ta tsakaninsu. Suka wuce wata ɓauna kwance cikin taɓo, suka wuce wata bukka da ake ƙona ɓawon kwakwa. Can sai hanya ta gangara, tafkin ya bayyana, kore shar, ko motsi ba ya yi, dutsen Banahaw yana bayansa da gajimare a ka.

Suka jingine kekuna suka zauna. Ta kwance ƙunshin shinkafa da soyayyar karfasa, ya ci da yawa, rabonsa da ci haka an kwana biyu. Da ya sha ruwa sai ya juyo ya dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Baiwar Allah, kin yi ƙoƙari fa. Sabon hannu ce ke, na gani, amma ba ki da tsoro."

Ta ce masa ta gode. Ya ci gaba da hira, ya ce shi ma yana da mata a gida, ba ta son keke ko kaɗan, amma duk garin nan ba mai miyar tsamiya da kifi kamarta. Ya ce abin da yake damunsa shi ne ba ta taɓa ganin tafkin nan da safe ba. Noring ta tambaye shi me ya hana ya kawo ta.

"Na taɓa cewa ta zo, muna sabon aure. Ta ce wa zai duba tukunya. Ni kuma ban sake tambaya ba, kin san mutum da girman kai."

Ta tuna ranar. Har rigar da take jikinta ta tuna. Ta juya fuskarta wajen ruwa ta daɗe a haka, shi kuwa yana ta tsince ƙaya daga kifi yana ajiye mata tsokar a gefen ganye.

Haka suka yi ta fita, yau tafkin Yambo, gobe na Pandin, wani lokaci har na Palakpakin in ƙafarta ta yarda. Wata rana ya san ta, ya kira sunanta, har ya tsokane ta cewa tana hawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata rana baƙuwa ce daga fita har dawowa. Ta daina gyara masa. In sun dawo yakan yi barci mai nauyi, gidan ya huta.

Bayan damina ta wuce, wata safiya suka iso inda hanya ta rabu biyu a gindin wani tsohon mangwaro, wurin da suka bi ba sau ɗaya ba. Densio ya ja birki ya sauke ƙafa. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama. Ta ga hanya ta ɓace masa. Ta tura kekenta ta gefensa ta wuce gaba.

"Biyo tayata, Densio. Ka dubi tayata kawai."

Ya biyo ta. Tun daga ranar ita take gaba, ita take kiran rami da saiwa, tana kasa kunne ta ji ƙarar tsakuwa a bayanta. Tafiyar ta riƙa gajarta. Sai ranar da ya manta da birki a wata 'yar gangara, ya wuce ta fuu ya faɗa cikin ciyawa. Bai ji ciwo ba in ban da ƙujewa a goshi, amma da ta ɗago shi ta ga bai san abin da ya faru ba, bai ma san keken nasa ne ba. Suka turo kekunan da ƙafa har gida. Da yamma ita da kanta ta kira Divina ta ce hawan keken Densio ya zo ƙarshe.

Divina ta nemi canjin wurin aiki ta dawo San Pablo. Densio ya koma zaman kujera a baranda, magana ta ragu, sai kallon hanya. Noring ta yi niyyar mayar wa Ambo kekensa, ya ce ko ta kawo ba zai karɓa ba, wai shagonsa ba wurin ajiye tsofaffin kaya ba ne, shi kansa ya ishe shi. Divina ce ma ta ce Inna ta riƙa fita ko ranar Lahadi ce, ita za ta zauna da Baba.

Takan fita ita kaɗai. In ta dawo sai ta ja kujera kusa da shi ta ba shi labari: ruwan Pandin ya ƙaru, an sare kwakwar da ta karkato kan hanya, dokin wane ya haihu. Ba ta san nawa yake shiga kansa ba. Wata Lahadi tana cikin magana ta ga idonsa yana kan kekenta da ta jingine a matakala, ya miƙa hannu yana motsa yatsu. Ta turo masa shi gabansa, ta kawo tsumma da 'yar kwalbar mai. Ya sunkuya ya kama sarƙar keken yana gogewa a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Ta tsaya ta ɗan kalle shi, sannan ta shiga ciki ta ɗora shinkafa.