Baƙin Tukunya a Kan Jirgin Baba

Ni tela ne, kuma a kasuwar Tambuwal ban san wanda ya fi ni idon ado ba. Da wannan idon na kusa kashe mahaifina.

Baba Ɗangiwa ya yi shekara ashirin da biyu yana zuba kwal a cikin kan jirgin ƙasa, tsakanin Zariya da Ƙaura Namoda. Da ya bar aiki, wani maƙerin reluwe abokinsa ya ƙera masa ɗan kan jirgi na ƙarfe, tsawonsa kamu ɗaya, da ƙafafunsa da bututun hayaƙinsa, ya shafe shi baƙi. Da shi Baba ya dawo gida, garin da ko layin dogo babu.

Tsufa ya zo ya kwashe masa sunayen mutane. Shekara biyu yana kirana "Malam", yana tambayata daga wane gari na zo. Amma bai manta jirgin ba. Kullum da safe sai ya goge shi da tsumma, ya ajiye shi gefen tabarma, sannan ya sha fura. Yawan gugar ya cinye fentin, ƙarfe ya fito tabo-tabo.

A shekarar samun 'yancin kai kowa gyara yake yi, ana shafe bango, ana ɗinka tuta. Na ce ba za a bar jirgin Baba a baya ba. Na ɗauke shi yana barcin rana na kai wa Namadi, mai zanen manyan motoci a tasha. Namadi gwani ne, ban rage masa komai ba. Sai dai shi duk abin da ke da ƙafa mota ne. Ya shafe jirgin kore da fari, ya zana masa furanni a gefe, ya rubuta "Allah Ya Kiyaye" a baya. Wallahi ya burge ni. Na kawo shi gida ina taƙama.

Baba ya dubi abin, ya ture shi da bayan hannu, ya ci gaba da lalube a gefen tabarma yana neman nasa. Ranar bai sha fura ba. Washegari ya juya fuska bango. A kwana na uku ruwa kawai muke ɗura masa, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na kankare furannin da yashi da kananzir, na sa Namadi ya mayar da shi baƙi. Ya fito yana ƙyalli kamar sabon keken ɗinki. Baba ko kallo bai yi ba.

Namadi ya ce, "Ni sabo nika maida abu, Lauwali. In tsoho kaka so, tafi Kebbe wurin Goggo Atu mai ƙwarya. Ita ka ɗinke fasasshiyar ƙwarya ta shafe ɗinkin, mai ita bai gane inda ta fashe."

Ban tsaya shawara ba. Na ɗaure jirgin a bayan keke na kama hanyar Kebbe, rabi tuƙi rabi turi saboda yashi. Na sami Goggo Atu zaune cikin ƙorai, tsohuwa 'yar firit mai baƙaƙen yatsu. Ta juya jirgin, ta sansana shi, ta ajiye.

Ta ce, "Ni ban taɓa ganin jirgi ba, ɗana. Ina hayaƙi ka zauna mai? Ina ruwa ka ɗiga?"

Na ce ni ma sau ɗaya na gan shi a Gusau, ina yaro, kuma ta shafa ko'ina ma ya yi.

"Ko'ina shi ya kawo ka nan," in ji ta. "Kai ni ga mai abu."

Da safe na nemo mata jaki muka taho. Kayan aikinta duka a ƙullin zane ɗaya suke: baƙin tukunya da ta kankaro, ƙaro, jar ƙasa, tsatsar da ta roƙo wurin maƙera, da 'yan gashin kaza. Ta gaishe da Baba, bai amsa ba. Ta zauna daidai inda idonsa zai iya kaiwa, ta dama baƙin tukunya da ƙaro a sakaina, ta soma aiki tana magana ita kaɗai da ƙarfi.

"Halan hayaƙin wanga abu ta ƙasa shika fita," ta ce, ta lafta baƙi a ƙafafun gaba. Ta ɗebi jar ƙasa ta shafa a saman bututu. Ni da ban san jirgi ba na ga shirme ne, na buɗe baki zan yi magana, ta harare ni na rufe.

Tabarma ta motsa. Baba ya juyo da kai.

"Ba nan ba na," ya ce, da muryar da ta kwana biyar ba ta fita ba.

"To ina na, Malam? Ni baƙauya ta."

Ya miƙo yatsa, ya ja shi daga bakin bututu zuwa baya, bisa doron jirgin. "Iska ka kwantar da shi. Nan shika zama, har bisa rufin direba."

Ta goge, ta bi inda ya nuna da gashin kaza. Ya ce baƙin ya yi yawa, ta rage. Ya nuna mata inda ruwan zafi ke ɗiga ya bar farin layi, ta ce in kawo toka. Ya nuna inda tsatsa ke ci a ƙasan tankin ruwa, da inda jar ƙasar Gusau ke manne wa ƙafafu. Da ta kai wurin ƙarfen da ake kamawa a hau, ya hana ta taɓawa, ya ce nan hannu ke gogewa, kullum fari yake. Ban san lokacin da ya tashi zaune ba. La'asar ta same su kai da kai, yana yi mata faɗa tana ba shi haƙuri.

Da suka gama, jirgin ya yi dauɗa, ya yi muni, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba. Baba ya ɗauke shi ya juya. A can ƙarƙashi, inda yashina da baƙin Namadi ba su kai ba, akwai sauran ɗigon koren fenti. Ya kankare shi da farce, ya daɗe yana duban farcen.

Goggo Atu ta ce, "Wa ya yi maka wagga ɓarna, Malam?"

Baba ya ɗago ido ya dube ni sosai.

"Lauwali na," ya ce. "Tun shina yaro bai ganin abu ya ƙyale."

Na tsuguna a gabansa hawaye na zuba, na ce, "Ni na, Baba. Ni na ɓata shi."

"To tashi ka kawo min tsummana," ya ce. "Kuma ka ce a dama fura. Baƙuwa ta wuni ba ku ba ta komi ba."