Gayyar Na'Allah

A daminar da ta biyo bayan saukar tutar Faransa, Na'Allah yana da abubuwa biyu a duniya: sartifikar da ya samu a lakwal, wato makarantar bokon Gaya, da alkawarin auren Zalika, ƴar Malam Rabo na Tanda. Sartifikar tana can ƙasan akwatin mahaifiyarsa Ajuma, ko gara ba ta kula ta ba. Shi kuwa kullum yana tasha, yana sauke buhunan gyaɗa da gishiri daga kamyo, manyan motocin kaya, tare da waɗanda ba su taɓa taka ƙofar lakwal ba. In aka tambaye shi aikinsa sai ya ce jira yake yi. Abin da yake jiran, shi kansa bai san kamarsa ba.

Zancen Zalika dai ya yi nisa. An kai goro, an yi gaisuwa, har Malam Rabo ya daina kiran sunansa, kamar yadda suruki ke yi. In suka haɗu a kasuwa sai dattijon ya kau da kai ya ce, "Yaron ga, a gaida mutanen gida." Ba ya cin abinci inda Na'Allah yake, ko ruwa ba ya sha a gabansa. Wannan kunyar ta fi kowace gaisuwa yi wa Na'Allah daɗi, domin ita ce shaidar an karɓe shi. Abu ɗaya ya rage kafin a sa rana, wato gayyar surukai. Ƴaƴan Malam Rabo maza sun tafi Kumasi neman arziki, gonar hatsinsa kuwa babba ce, saboda haka tun kafin shuka aka bar noman farinta a wuyan Na'Allah. Wani ɗan'uwan dattijon ya ce zai kawo nasa mutanen, Malam Rabo ya ce ya bari, yana da suruki a birni.

Samarin unguwarsu Na'Allah suna da tsarinsu. Kowa da ɗan abin da yake ci da shi, wannan dako, wannan karen mota, wancan tuƙin jirgi a kogi, ba mai iya barin nema kullum. Sai suka yanke cewa kowane saurayi gayya ɗaya gare shi a damina. Ranar da ya kira a buga ganga, kowa ya ajiye abin da yake yi ya fito. Mai gayya ya ciyar, in ranar wani ta zo kuma ya rama. Sa'idu, sarkin samari, shi ke riƙe da jerin ranakun a kansa. Ajuma ta daɗe tana tara gero da kuka da busasshen kifi domin ranar ɗanta.

Ana saura kaɗan ranar ta zo aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ya yanke hanyar Doso a bayan gari, ya bar kwazazzabo da zai haɗiye jaki da kayansa. Motoci suka jeru tun daga gada. Cikin waɗanda hanya ta tsare har da wani ɗan boko da ake ce wa Mushe Alassan, jami'in da aka aiko daga Yamai don sha'anin matasa, mutum mai fara'a da farar riga wadda ba ta san laka ba. Ya tara samari a inuwar tasha ya yi musu jawabi mai daɗi. Ya ce ƙasa yanzu tasu ce, hanya tasu ce, su fito su cike ramin don kishin ƙasa.

Wani daga baya ya ce, "Ubanninmu ma sun yi irin wanga aiki lokacin Nasara. Su dai da bulala anka biya su." Aka yi dariya, aka watse.

Na'Allah ne kaɗai ya tsaya. Mushe Alassan ya yi masa magana da Faransanci, kuma tun barinsa lakwal ba wanda ya taɓa yi masa Faransanci sai don ya ce ya matsa daga hanya. Nan take zuciyarsa ta narke. Mushen ya ce ana shirin buɗe sansanin masu gyaran hanya a Gaya, za a nemi ɗan gari mai sartifika wanda samari ke jin maganarsa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ƙasa ba ta manta ƴaƴanta. In za a faɗi gaskiya, bai ce ya ba shi aiki ba. Amma kunnen mai jira ba ya rarrabe irin wannan.

Da la'asar Na'Allah ya sami Sa'idu yana gyaran igiyar ganga, ya ce a buga masa gayyarsa gobe, a bakin kwazazzabo.

Sa'idu ya ajiye igiyar. "Kai, Na'Allah, lafiyarka? Gayyar Tanda za ka zuba cikin rami?"

"In na samu aikin, ƴan ƙodago zan ɗauka su nome gonar Baba. Ko ban samu da wuri ba, ai wanda anka yi ma gayya shi ka ramawa. Gwamnati na da mutane, na da motoci."

"Ka taɓa ganin gonar gwamnati? Ka san ƙofar gidanta?"

"Na san biro," in ji Na'Allah, yana nufin ofishin gwamnati.

Sa'idu ya daɗe yana dubansa. "Gayyarka ce, ba mai hana ka. Amma guda ce, kuma bayanka akwai mutane, kowa da nashi surukai."

Samarin da suka ƙi gwamnati ba su iya ƙin Na'Allah ba, domin wanda ya ƙi gayyar ɗan'uwansa ya kashe tasa. Suka fito da asuba, da kwanduna da diga da buruweti, wato baro, biyu na aro. Aka jido duwatsu, aka jido jar ƙasa, ganga na tashi, ƴanmata na guɗa. Ajuma ta tuƙa geron nan kaf, sai dai ta ƙi duban fuskar ɗanta lokacin da ya zo ɗaukar tuwon. Kafin magariba rami ya cike. Kai, aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Mushe Alassan ya yi wani jawabin, ya riƙe hannun Na'Allah da hannu biyu a gaban jama'a, sannan ya hau motar farko da ta ƙetare.

Daga nan sai jira, wanda dama Na'Allah ya ƙware a kansa. Ruwa na sauka, ciyawa na tashi. Duk ranar kasuwa mutanen Tanda su ce masa Malam Rabo na gaisuwa, ya kuwa san abin da gaisuwar ke nufi. Ya riƙa tare direbobin Yamai yana tambayar labarin sansani, har suka fara kiransa shef ɗin hanya, wato shugaban aikin, don tsiya. Ranar da masu gyaran hanyar suka iso, a cikin kamyo ɗinsu suka zo, da shef ɗinsu, da mai dafa musu abinci. Suka bi ta kan aikin samari da injin daddaɓawa, suka wuce gaba.

Ya sa rigarsa ta salla ya tafi biro. Gardi ya ce Mushe Alassan ba a nan yake aiki ba, wucewa ya yi. Da ƙyar aka bar shi ya ga wani akawu mai furfura, wanda ya saurare shi har ƙarshe ba tare da dariya ba. Na'Allah ya ce ya haƙura da aikin. Abin da ya zo nema kawai a rama masa gayya, a ba shi mutane na yini ɗaya su je Tanda.

Akawun ya cire tabarau ya murza idanunsa. "Ɗana, wa za ya rama maka?"

"Wanda munka yi ma aikin."

"Ai ƙasa kunka yi ma. Ƙasar kuwa kai ne, ni ne. Ni ga ni, fartanya ma ban iya riƙo ba." Ya mayar da tabaraunsa, sannan ya ƙara da cewa, "Allah shi saka maka."

Ya koma wurin Sa'idu. Sarkin samari ya lissafa masa sunayen masu jiran ranarsu, kowanne da gonar da ciyawa ke ci. Ba wanda ya yi masa rowa da gangan, ba kuma wanda zai ba da tasa. Biyu daga abokansa suka ce za su bi shi in sun sami sarari, ba su samu ba.

Shi kaɗai ya kama hanyar Tanda da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a bakin gonar yana kallo. Gonakin maƙwabta hatsi ya kai ƙugu, kore shar. Ta Malam Rabo sai ka sunkuya ka buɗa ciyawa kafin ka ga hatsin, siriri, ya yi ɗorawa. Ko samarin Gaya duka suka zo yau, an riga an makara. Ya sani sarai, amma ya duƙa ya fara noma, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba in ba wannan ba. Har rana ta take yana yi, da ya waiwaya abin da ya nome bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Hawaye suka zubo masa, ya bar su suka gauraya da gumi.

Yana nan ya hango Malam Rabo tafe, riƙe da akushi da butar ruwa. A al'ada, Zalika ce ya kamata ta kawo. Na'Allah ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, yana jiran faɗa, yana ma fatan a yi masa faɗan. Dattijon bai duba gonar ba. Ya wuce gindin gawo ya zauna, ya wanke hannu, ya buɗe akushin. Sannan ya ɗago ya dube shi ido cikin ido, da fara'ar da ake yi wa baƙon da ya biyo hanya.

"Na'Allah," ya ce, "sannu da rana. Taho mu ci tuwo."