Dakan Bayan Katanga

A shekarar da damina ta ƙi, aka shiga rani da rumbuna wayam, sai kuma wutar lantarki ta ɗauke a Damagaram. Da farko ba wanda ya damu, don ta saba tafiya ta dawo. Amma sati ya wuce, wani ya bi bayansa, har gizo-gizo ya yi saƙa a ƙwan lantarkin zauren mai unguwa. Wasu suka ce man babban injin gari ne bai iso ba, wasu suka ce wani ƙarfe ne ya karye a cikinsa, sai an aiko da irinsa daga ƙasar Turawa. Duhu bai dami mutanen unguwar Zango ba, da ma da fitilar ƙwai suka tashi. Abu biyu ne suka tsaya musu a wuya: famfo ya ƙafe, tunda da wuta ake turo ruwan, sannan injin niƙan Illa ya yi shiru.

Shirun injin nan shi ya fara tona asirin gidaje. A da, mace takan rufe ƙwaryarta da faifai ta kai niƙa, ba mai sanin ko tiya biyu ce a ciki ko cikin tafin hannu. Yanzu kuwa an koma turmi, shi kuma turmi ba ya riƙe sirri. Gidan da aka ji tabarya, an san akwai. Gidan da aka ji tsit, an san babu.

Inna Barira, wata dattijuwa da mahaifinta ya yi fatauci har Agadas, ita ta tara matan layinsu ta kawo shawara. Surfe yana cin ruwa, ruwa kuma sai an je rijiyar bayan gari an yi layi tun sanyin safiya. Girki yana cin itace. To, me zai hana a haɗa? Kowace mace ta kawo abin da take iyawa, a daka a tsakar gidan Inna, a ɗora tukunya ɗaya, a raba bisa yawan bakuna. Wadda ba ta da komai ta kawo akushinta kawai, ba gori. Sharaɗi guda aka gindaya: kada kowa ta yi daka a gidanta.

Ramlatu, matar mushe Idirisu (haka ake kiran malamin boko a can) mai koyarwa a lakwal, wato makaranta, tana cikin masu kawowa. Ita ce kuma ta roƙa aka sa Kande a cikin masu akushi. Kande baƙuwa ce daga ƙauyen Garagumsa. Mijinta Nomau, manomi, ya ajiye ta da 'ya'ya uku a kangon da ke bayan katangar Ramlatu, ya nufi kudu neman abin da zai samu. Tun ran da Ramlatu ta ga ƙaramin ɗan yana lasar murfin tukunya ta kasa haƙuri, ta je ta yi wa Inna magana.

To, sai ga shi wata safiya Ramlatu tana alwala ta ji tabarya a bayan katanga. A hankali ake dakan, kamar mai gudun kada ta tashi jariri. Ta ce a ranta wataƙila magani ne. Washegari ta sake ji. Rana ta uku ma haka. Ta riƙe abin a cikinta, amma ta lura ta fara kallon akushin Kande idan ana rabo, tana auna shi da ido. Gero a ɗakin Ramlatu ya kusa ƙasan buhu, albashin mushe kuma ba ya kai tsakiyar wata a kasuwar bana.

Ba ita kaɗai ke da kunne ba. Ana cikin surfe da hantsi, Sakina matar mai kanti ta jingine tabaryarta ta share gumi.

"Inna, wai aljanu suna daka?"

"Wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"To, ni dai kullum in na wuce ɗiban ruwa ina jin luguden aljanu a kangon nan. Tunda mai gidan ba ta da ko ƙwaya, ai sai su."

Mata suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Aka juyo ana kallon Ramlatu.

"Ke ce maƙwabciya," in ji Inna Barira. "Kin ji?"

Ramlatu ta sunkuyar da kai. "Na ji, Inna."

"Kika yi shiru?"

"Zato zunubi ne."

"Ruwa kuma ba ya tsami banza," Sakina ta karɓe. "Mutanen ƙauye ki bar su. Su zo da tsumma a jiki, rumbu a ƙarƙashin gado. Mu nan muna kankare ƙasan buhu muna ciyar da su."

Inna ta ɗaga hannu. "Ya isa, Sakina, bakinki ya fi tabaryarki aiki. Ramlatu, ke kika kawo ta, ke za ki gano mana. In da hatsi a gidan, ko ta kawo shi turmi, ko ta ɗauke akushinta. Ba zan rage lomar marayun maƙwabciyarmu Gana in ƙara wa mai ajiya ba. Da la'asar, kafin rabo, ina son amsa."

Ramlatu ta bari sai da rana ta karkata, ta yafa mayafi ta zaga. Tana tafe tana shirya abin faɗi: aron rariya ta zo, tata ta yage. Ƙarya ce ƙarama, amma ta yi mata nauyi a harshe.

Ta yi sallama. Kande na zaune a gindin turmi, tana sheƙe wani abu a faifai, yaran na kwance a inuwar katanga.

"Maraba da matar mushe. Yau ke ce da kanki? Zo ga tabarma."

Ramlatu ba ta zauna ba sai da ta leƙa turmin. Ƙarangiya ce. Ƙayar nan da ke maƙale wa mutum a zane, ita aka tara aka daka, ana fitar da 'yan ƙwayoyin cikinta, ƙanana kamar yashi. Yatsun Kande duk sun kumbura.

"Wannan kike dakawa?"

"Ita ce. Da sassafe nake zuwa bayan gari in sharo. Tuwon Inna yana kai su dare, Allah ya saka mata, amma safiya fa? Ɗan kunu nake dama musu." Ta yi murmushi. "Na ji kunyar kai ta turminku. Kada a ce baƙauya ta kawo wa 'yan birni ƙaya."

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Ramlatu, har ta ji kamar ta rungume ta. Don ta cika ƙaryarta ta ce rariya ta zo aro.

"Tana ɗaki, bari in..."

"Yi zamanki, hannunki da aiki."

Ta riga ta ɗaga asabari kafin Kande ta miƙe. Ɗakin duhu, ba komai sai tabarma da tulu. Ta ɗaga kai tana neman inda aka rataye rariya, sai ta ga wani dogon ƙunshi an naɗe shi da tsohon zane, an ɗaure a jikin azara. Ta wani gefe zanen ya zame. Zangarnun gero ne, dogaye, cike da ƙwaya, irin waɗanda ba a ga kamarsu a kasuwa ba tun bara.

Ta juyo, ga Kande tsaye a bakin ƙofa.

"Kande, mene ne wancan?"

"Iri ne."

"Gero nake gani."

"A'a, matar mushe. Iri ne."

"Yaranki suna shan kunun ƙaya, ga hatsi a bisa kansu! Mu kuma muna can muna tsakure daga bakin namu muna ba ki."

Kande ta shigo ta gyara zanen, ta rufe zangarniyar kamar mai lulluɓe yaro. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke 'yar birni ce, a tiya kike sanin gero. Wannan, a tsaye Nomau ya zaɓe shi a gona shekarar da aka samu, kai ɗaya bayan ɗaya. Daga hannun ubansa ya gaje shi. Ya san ƙasarmu, ruwa kaɗan yake so ya nuna. Jar dawar da ake rabawa ta taimako, ki shuka ta a Garagumsa ki gani in za ta yi miki ko kara. In muka ci wannan, kwana nawa zai kai mu? Sai ruwa ya sauka, kowa ya fita da sungumi, mu muna zaune a kangon mutane har abada."

"To, me ya hana ki faɗa tun farko?"

"In na faɗa, za ku bar min shi?"

Ramlatu ta san amsar. Ta san Sakina za ta ce a auna, Inna kuma za ta ce rai ya fi shuka, gobe ta Allah ce. Ita kanta a yanzu idonta ya riga ya sussuke ƙunshin ya ƙiyasta tuwon kwana biyu na layin duka.

Tun kafin zanen ya rufu Ramlatu ta riga ta hango wani abu. Kawuna biyu ko uku a gefe an kankare su, sai tsirarar sanda.

"Waɗancan fa? Wa ya ci?"

"Ɓera," in ji Kande.

"Ɓera, a azara?"

"Ɓeran yunwa har sama yake hawa."

Suka dubi juna. Ramlatu ta nemi gaskiya a fuskar, ba ta samu ba, ba ta kuma samu ƙarya ba. Ko ɓera ne, ko uwa ce ta kasa jure kukan ɗa, ko kuma ƙarangiyar nan ta baƙi ce, ana ajiye ta a turmi don mai leƙe. Duk ukun suna iya zama.

Ta fito ba rariya. A hanya ta riƙa jujjuya abin. In ta faɗa, cikin biyu za a yi ɗaya: a dake irin, ko a cire akushin yara uku. In ta yi shiru, ta ci amanar matan da suka yarda da ita, waɗanda ke rage wa nasu don wata mai ajiya. Ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ba ta san ko da gaske wani gero ya fi wani ba. Abin da ta sani, an ɗaure ƙunshin da igiyar da ta daɗe ba a kwance ba.

Ta tarar an sauke tukunya, akusa sun yi layi. Na Kande yana can ƙarshe, Sakina ta ɗan ture shi gefe da ƙafa.

"To, 'yar aike," in ji Inna. "Me take dakawa?"

"Ƙarangiya, Inna. Da idona na gani a turmi. Ku dubi hannunta in ta zo."

Wasu suka yi salati. Wata ta ce, "Wayyo, baiwar Allah."

Sakina ba ta motsa ba. "Turmi kika leƙa. Ɗaki fa?"

"Na shiga."

"Me ke ciki?"

Ramlatu ta gyara mayafinta. "Ba abin da za a ci a ɗakin nan."

Inna Barira ta daɗe tana kallonta, kallon tsohuwar da ta ga fatake da yawa suna rantsuwa a kan kaya.

"Kin tsaya mata ke nan?"

"Na tsaya."

"To, ki ji da kyau, 'yata. In wata rana aka ga saɓanin haka, ba akushinta kaɗai zai fita ba. Har naki, ki koma ki nemi ruwanki da itacenki ke kaɗai. Kin yarda?"

Ramlatu ta tuna da nata yaran, da nisan rijiya, da sandunan nan da aka kankare.

"Na yarda."

Inna ta ɗauki mara. "Sakina, miƙo min akushin can da kika ture."

Sakina ta miƙa, amma idonta yana kan Ramlatu. Inna ta zuba malmala huɗu, ta ƙara miya.