Makin Tata Fezile

Kujerun 'yan aji biyu ne, don haka duk dattijon da ya zauna sai gwiwoyinsa su kusa taɓo haɓarsa. A wannan ajin ƙungiyar ƙauyenmu ta kurket, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, take taro duk Disamba, kafin gasar Kirsimeti. Bana an kewaye filinmu da waya, an sa ƙofa, saura sunan da za a rubuta a samanta.

Manya sun ce a sa sunan Tata Fezile, tsohon ɗan wasanmu. Tun muna yara muke jin cewa in ya riƙe sanda, har daga garin Dikeni ake tahowa kallo a ƙafa. Samari kuwa Sakhumzi suke so, ɗan ƙauyenmu da ke buga wa lardi, ana nuna shi a talabijin. Tata Fezile yana zaune can baya kusa da taga, kamar ba a kansa ake magana ba. Waɗanda suka yi wasa tare da shi duk sun rasu.

"Labari dai, kullum labari," in ji Siviwe, ɗan kawuna. "Bara an ce ƙwallonsa a rafi ta faɗa, bana ta ƙetare rafin. Baɗi sai teku."

Samari suka kwashe da dariya.

"Ji mai magana," in ji Kawu Zolile, mahaifinsa, wanda shi ne shugaban taron. "Kai da ko maki goma ba ka taɓa haɗawa ba. Ana jefo ƙwallo kana rufe ido."

"Ai ni ba a ce a sa sunana ba, Baba. Ga 'yar jami'a nan, a tambaye ta. Lathitha, tashi ki faɗa musu abin da kika faɗa mini."

Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Ƙididdiga na karanta, shi ya sa Kawu ya ba ni tsofaffin littattafan maki guda tara in shigar a kwamfuta kafin gara ta ƙarasa su. Abin da na gani a ciki Siviwe kaɗai na gaya wa, shi ma a kan hanyar shago.

Na miƙe da takarda a hannuna. Na ce cikin shekara ashirin da biyu da ya yi yana wasa, Tata Fezile bai taɓa cin maki ɗari a wasa ɗaya ba. Ko hamsin bai taɓa kaiwa ba. Mafi yawan da ya ci arba'in da uku ne. Sau sittin da ɗaya ana cafe ƙwallonsa a fitar da shi yana tsakanin arba'in da arba'in da uku.

"To me ke nan?" in ji Siviwe. "Yi mana bayani, malama."

Ajin ya yi tsit. Tunda nake a ƙauyen nan ba a taɓa yin shiru don a saurare ni ba, kuma gaskiya na ji daɗin hakan. Ba wanda ya tilasta mini abin da na ƙara.

"Da alama in ya doshi hamsin tsoro ne ke kama shi," na ce. "Ba na jin ya kai yadda ake faɗa."

Kawu ya daɗe yana kallon takardar hannuna, sannan ya ce a ɗaga hannu. Sakhumzi ya samu sha tara, Tata Fezile sha ɗaya. Har da manya uku da suka sauya.

A lokacin ne Kaka Nomvuyo ta shigo, 'yan mata biyu na biye da ita da tukunyar masara da wake. Da ta ji abin da ya faru, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya karanta littattafaina?"

Ban san ita ce ta rubuta su ba. Na ce ni ce, Kaka.

"Kika ga arba'in, arba'in, arba'in, ba ki ce bari in tambayi tsohuwar da ta rubuta ba? Gidana nisa gare shi?" Ta juya wajen samarin. "Mazanmu sau ɗaya suke dawowa daga ma'adinan Johannesburg a shekara, mako uku. Wasa yini ɗaya ne. In Fezile ya tsaya, ba mai iya fitar da shi har rana ta faɗi, na bayansa ba za su taɓa sanda ba sai baɗi. Wasu kuma baɗin ba su dawo ba. To yana kai arba'in sai in ɗaga masa fensir. Shi kuma ya ɗaga ƙwallon a hankali, ya saka ta a hannun wani daga cikin abokan karawa, ya fito. Kullum. Littafin ba shi da gurbin rubuta wannan, sai in rubuta an cafe."

Siviwe ya sunkuyar da kai yana murza murfin biro.

"Kawu," na ce, "a sake ɗaga hannu. Ni ce na yi kuskure."

"An riga an rubuta, 'yata," in ji shi, bai dube ni ba. "Dokar ƙungiya ce. Abin da aka yanke ba a sake taɓa shi sai wata Disambar."

Nan gardama ta ɓarke, wasu na cewa doka doka ce, wasu na cewa wace irin doka. Na juya baya don in ba Tata Fezile haƙuri, ban ma san da waɗanne kalmomi ba. Ya riga ya miƙe. Ya bi ta jikin bango a hankali, ya raɓa ta gefen tukunyar, ya fita.