Minsharin Aro

Shekara biyu ke nan barci ya ƙaurace mini. A kantin katifa kuma nake aiki, ina wuni ina gaya wa mutane wacce ta fi daɗin kwanciya. Abokan aikina Mujiya suke ce mini saboda jan ido. Tun da na bar makaranta a aji uku ban iya zama wuri ɗaya ba, sai kowa ya ɗauka rawar kan ce ta bi ni har gado.

Babu abin da ban gwada ba. Ƙwayar asibiti ta yi mini aiki sati ɗaya ta daina. Aka canza wata, ita kuma ta bar ni da kai kamar buhun siminti, ido a bushe. Na bar shayi, na bar waya, na yi gudu da yamma har ƙafafuna suka yi tsami. Duk a banza.

Ni da Inna ne a gidan, ita a ɗaki, ni a falo, labule ne kawai a tsakaninmu. Tana da hawan jini. Da ta ji motsina sai ta fito ta zauna a hannun kujera, wai tana taya ni hira. Ranar da yayata ta zo ta ga yadda Inna ta faɗa, ta ja ni waje ta ce in ni ba na barci, ba sai na kashe mata uwa ba. Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce.

Sai na ce wa Inna sabon maganin ya karɓe ni. Don ta yarda, na koyi minshari a wurin mai gadin kantinmu, wanda yake sheƙa barcinsa da rana a bayan katifu. Ya ja, ya riƙe, ya saki da ɗan fito. Haka nake yi har gari ya waye, maƙogwarona kamar an kankare. Inna ta daina fitowa. Kullum da safe ta ce ta gode Allah, ni kuma in sunkuyar da kai in hau ɗaure takalmi.

Bayan sati uku na raka ta asibiti awon jini. Likita ta gwada jinin, ta sake gwadawa, ta ce ya hau fiye da na wancan watan. Ta tambayi Inna ko tana samun barci. Na yi karaf na ce sosai ma.

"Kai na tambaya?" in ji likita.

Inna ta kalli jakar da ke cinyarta, ta ce:

"Ba na yi, likita. Autana nake saurare. Tun yana goye bai taɓa minshari ba. In barci ya ɗauke shi da gaske, haƙora yake taunawa, ƙas-ƙas. Shi nake jira in ji."

Likita ta ce to me ya hana ta faɗa mini. Inna ta ce ta ga wahalar da nake sha a kan abin, ba ta so ta kunyata ni, shi ya sa ita ma take kwanciya shiru kamar mai barci. Na rasa inda zan sa fuskata. Wata ma'aikaciya da ke rubutu a gefe ta danne dariya, na kuma gan ta.

Da muka fito, ni da bakina na ce ta koma gidan Yaya da kwana. Ta ƙi, ta ƙi, har sai da na ce in ta zauna zan ci gaba da minsharin. Da yamma na ɗaukar mata jaka da matashin kanta. A bakin ƙofar Yaya ta riƙe mini hannun riga.

"Auta, in ka yi barci ko na minti goma ne, ka gaya mini. In ba ka yi ba ma, ka gaya mini. Minsharin kuma ka mayar wa mai shi, bai yi maka kyau ba."

Washegari ina jera katifu a bakin kanti Inna ta kira ni a waya. Abokan aikina suna tsaye kusa, suna ji.

"Ban yi ba, Inna," na ce.

Ta sassauta murya, kamar ita ce mai laifin. Sannan ta ce ita ta yi, sai da Yaya ta tashe ta.