Kyandir a Hannun Nildo

Aikin Edivânia a asibitin nan ba aikin da ake yi wa mutum sannu ba ne. Idan likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwar majinyaci ta mutu, inji ne kawai ke hura masa numfashi, ita ake kira ta zauna da danginsa ta roƙi sassan jikinsa don masu jiran dashe. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai in ta biyo baranda, marasa lafiya tashi zaune suke don ta ga da sauransu.

Ana tsakiyar bikin waliyyi São João na shekara-shekara, gari duk ƙamshin gasasshiyar masara, aka kira ta kan wani saurayi mai suna Nildo, wanda babur ya kayar a hanyar garin Caruaru. An yi masa duk gwajin da doka ta ce, ya riga ya tafi. Zuciyarsa ce kaɗai ke bugawa.

Dakta Wanderley ya tare ta a bakin ƙofa. "Jininsa sai sauka yake, da magani nake riƙe da shi. A birnin Recife kuma akwai wata majinyaciya da ba za ta kai ƙarshen mako ba in ba ta samu zuciya ba. Ki yi sauri, don Allah."

"Kai ka iya sauri," in ji ta. "Ni da uwa zan yi magana."

Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta furta maganar kyautar sassan jiki sai dangi sun faɗa da bakinsu cewa mutum ya rasu. Ta iske uwar, Dona Quitéria, 'yar tsohuwa sirirya, tana murza yatsun ɗanta.

"Dona Quitéria, me likita ya gaya miki?"

"Wai ya rasu tun da safe. Taɓa ki ji, ɗiyata. Na wanke gawa ta fi gashin kanki yawa, ban taɓa jin mai ɗumi ba."

Edivânia ta yi mata bayanin injin a tsanake, idonta ɗaya na kan allon da lambobinsa ke ta raguwa. Tsohuwar ba ta musa ba, ba ta kuma yarda ba. Sai ta buɗe jakarta ta zaro farin kyandir da ashana.

"A gidanmu ba wanda ya taɓa tafiya cikin duhu. Ubansa ni na riƙe masa kyandir a hannu har ya cika. Yanzu ki ce mini Nildo ya tafi da safe ba haske, kamar akuya a daji? Ku kashe injinku in kunna masa. Sai zuciyar ta tsaya a gabana."

Edivânia ta dubi bututun iskar da ke gefen gadon. Ba a kunna wuta kusa da iskar numfashi, ɗakin gaba ɗaya zai iya kamawa. In kuma aka kashe injin, zuciyar ta lalace ke nan, kuma haƙƙin tsohuwar ne ta ce a kashe. Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe: ta ce za a kunna masa a ɗakin tiyata, wa zai sani? Ta haɗiye ta da ƙyar, tana jin haushin kanta.

"In kin ce a kashe, za a kashe," in ji ta. "Amma akwai wata mata da zuciyar Nildo za ta iya rayawa. In kin yarda, a ɗakin tiyata za ta tsaya, ba a gabanki ba. Can ma ba za su bar ni in kunna ba. Ba zan yaudare ki ba."

Injin ya yi ƙara. Dakta Wanderley ya shigo da gudu ya ƙara magani, ya watsa wa Edivânia harara, ya fita. Tsohuwar ta shafa fuskar ɗanta, ta juyo ga Edivânia.

"Wa zai tsaya kansa a can?"

"Ni."

"Kina da 'ya'ya?"

"Ɗaya."

Dona Quitéria ta kama kyandirin da hannu biyu ta karya shi, ta ciji lagwanin ta raba. Ta miƙa mata rabi. "Wannan ki sa masa a hannu, ki damƙe da naki. Ni zan tsaya a tsakar asibiti da ɗayan. In lokacin ya yi ki gaya mini. In kika makara, ɗiyata, ban yafe ba."

Da la'asar aka shiga da shi. Edivânia ta tsaya wajen kansa, hannunta ƙarƙashin koren mayafi yana riƙe da nasa mai damƙe da rabin kyandirin, waya manne a kunnenta. Tana jin numfashin tsohuwar, da kiɗan biki can nesa. Likitan da ya zo daga Recife ya ɗago ido ya ce sun shirya tsayar da zuciyar.

"Dakata," in ji Edivânia. "Dona Quitéria, kunna."

Ta ji ashana ta farko ta karye. Ta biyu iska ta kashe ta. Likitan yana kallonta, hannunsa a tsaye, ba wanda ya motsa a ɗakin.

"Ta kama," in ji tsohuwar. "Ki ce masa ya tafi, ga hanya nan."