Motar Baba a Kan Tafki

Babanmu, Aurèle, ya yi ritaya ne daga aikin tuƙa babbar motar da ke watsa gishiri a titunan garinmu lokacin sanyi, don ƙanƙara ta narke. Duk motar da tsatsa ta cinye a garin nan, da hannunsa a ciki, don gishirin ne ke jawo tsatsar. Amma tasa motar, 'yar ƙarama koriya mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, ba ta taɓa taka gishiri ba, ga shi kuwa ta girme ni.

Da zarar ganyen itatuwa ya gama zuba, sai ya wanke ta, ya goge, ya ɗaga ta a kan jak, ya cire batir ya shigo da shi cikin gida, ya lulluɓe ta da bargo. Ba za ta sake ganin titi ba sai ruwan saman watan Afrilu ya wanke gari tas.

Mamanmu, Ghislaine, takan leƙa gareji ta ce, "Tsoho, kai ka ɓata motocin mutane, taka kuma ka lulluɓe ta kamar jinjira. Ba ka jin kunya?"

"Ai wanda ya zuba shi ne ya san sharrinsa," in ji shi. "Ki rufe ƙofar nan, iska na shigowa."

Bayan sabuwar shekarar da ta wuce, likitan ido ya gaya masa tuƙi ya ƙare masa. Tsakiyar ganinsa ne ya dushe, sai gefe-gefe yake gani. Tun daga ranar Baba ya daina shiga gareji, shi da kullum bayan karin kumallo sai ya je ya ɗaga bargon ya duba ko ɓera ya shiga. Ran nan na zo cin abincin rana, sai ya ture kwanon miyar wakensa ya ce, "Maryse, ki ɗauki hoton motar nan ki sa a kasuwa."

Mama ta ajiye cokali. "Wa ya ce maka za a sayar? Ni zan tuƙa."

"Ke? Ke da ba ki taɓa sa giya da hannu ba? Kin san inda kuloci yake?"

"Sai ka koya mini."

"To, a bari sanyi ya wuce."

"A'a. In sanyi ya wuce fita nake so mu yi, ba in tsaya ina kashe mota a bakin coci mutane na kallona ba. Yanzu za ka koya mini."

"A kan gishirin nan? Sai dai bayan raina."

Kawu Gaétan, ƙanin Mama, shi ya raba gardamar. Yana da rufaffiyar tirela da yake ja da a-kori-kurarsa. Ya ce, "Yaya Aurèle, a kan tafkin nan da ya daskare akwai gishiri? Mu ɗauke ta daga gareji mu sauke a kan ƙanƙara, ƙafarta ba za ta taɓa kwalta ba." Da ƙyar Baba ya yarda. Kawu ya aro tayoyin da ake tafiya da su a kan ƙanƙara, suka ɗaura tare, Baba na lalubar noti da yatsu yana mita wai an matse da yawa.

Ranar Asabar muka tafi. Tafkin ya daskare sosai, motoci na hawa, masu huda ƙanƙara su kama kifi sun jera bukkokinsu, hayaƙi na fita ta kai. An share wani fili can gefe, a nan muka sauke ta. Mama ta shiga da ƙatuwar rigar sanyi, da ƙyar ta samu wuri bayan sitiyari. Baba ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba, ya ce a naɗe rufin don ya ji inji da kyau.

Ta kunna, ta saki kuloci, mota ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, ta sake mutuwa. Masu kamun kifi suka fara fitowa da kofunan shayi a hannu.

"A hankali, Ghislaine! Ɗaga ƙafar kamar kin taka jelar kyanwa."

"In na taka jelar kyanwa da sauri nake ɗagawa!"

"To, kamar ba ki son ta farka!"

Da motar ta samu ta tashi, sai ga su suna zagaye filin a giyar farko, inji na kuka. Daga inda nake ina jin muryar Baba: "Ba ki ji tana roƙonki ba? Sa ta biyu!" Ba ya ganin allurar da ke nuna gudun inji, da kunne yake sanin lokaci, kuma bai kuskure ba. Can Mama ta ji daɗi ta danna totur a kwana. Motar ta juya kamar faifai, ta juya kuma, ta shige tarin dusar ƙanƙara da baya. Na ruga a guje. Na tarar hular Baba ta tashi, dusa ta cika masa gira, yana dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin zuwa asibiti.

"Kin gani?" ya ce mini. "Uwarki za ta kashe ni, gishiri na zaune lafiya."

Masu kifi suka turo su, wani ya kawo wa Mama shayi. Kafin la'asar tana sa giya har ta uku ba ƙara.

Da muka tashi tafiya, a-kori-kurar Kawu ta ƙi tashi. Aka haɗa waya da wata motar, aka yi ta fama, shiru. Ga sama ta yi duhu, dusa ta fara sauka, an ce kuma za ta yi yawa. Barin 'yar motar a kan tafki ba zai yiwu ba. Kawu ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, wallahi ban san me ya same ta ba."

Baba ya tsaya hannunsa a kan ƙofar motar, ya daɗe. Daga baya ya ja rufin ya kulle, ya buɗe ƙofa ya zauna. "Tsohuwa, kai ni gida."

Wani mai kifi ya ɗauke ni muka bi bayansu. Ba mu yi nisa a babban titi ba sai ga motar watsa gishiri ta shigo gabansu, fitilunta na walƙiya, kuma babu halin wucewa. Mama ta ba ni labari daga baya cewa duk ƙwayar da ta bugi ƙasan motar sai Baba ya ɗaga kafaɗa kamar shi aka jefa. Ta ce masa, "In tsaya ne?" Ya ce, "Ki dai ja baya kaɗan." Sai kuma ya kasa kunne ya ce, "Wannan sabon direba ne, yana zubawa da yawa. Ɓarna kawai."

A gareji muka jona mesa da famfon ruwan zafi. Baba ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya shige ƙarƙashi, Mama ta durƙusa tana riƙe masa fitila, ya ce ta kashe, ba ta da amfani a gare shi. Da tafin hannu ya bi ƙarfen lungu-lungu, inda ya ji gurzar gishiri sai ya ce a kawo ruwa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Daga ƙarƙashin ya ce, "Ghislaine, giya ta ukun nan kin sa ta da kyau." Mama ta kalle ni ta ɗaga gira, ta ce, "Fito ka canza riga kafin mura ta kama ka."

Ba a sayar da motar ba. Farkon watan Mayu na je gidan na tarar da garejin a buɗe, babu kowa. Na zauna a bakin ƙofa ina jira har na ji ƙarar injin daga kan tudu. Mama ce a sitiyari da ɗankwali ɗaure a haɓa, Baba na gefe ya rungume jakar burodi.

Ya fito yana dafa ƙofa ya ce, "Maryse, ki yi wa uwarki magana. Gudu take yi."

"Shi ya ce in ƙara," in ji Mama, ta zare makulli ta jefa a jakarta.